Jagorar Lissafin Haraji ga Mai Sayen Gidan Haya a Ƙasar Waje

Tun daga shekarar 2011 da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda ta zo ta tarar da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita a garin, gina ɗakunan haya domin ɗalibai da ma'aikata ya zama sananniyar hanyar adana dukiya ga 'yan kasuwar Dutsin-Ma da Kurfi da manyan ma'aikatan da suka fito daga yankin. Da darajar naira ta karye bayan sauya tsarin canji a watan Yunin 2023, har dala ɗaya ta tashi daga kimanin naira 460 zuwa sama da 1,500 a cikin 2024, sai hankalin wasunsu ya koma kan gidan da hayarsa ke zuwa da fam ko dirhami ko riyal, dillalan Dubai da na Landan kuma suka cika wayoyi da hotunan benaye. Abin da akantoci da lauyoyin da ke wannan aiki suke gani shi ne, kuskuren da mai saye na farko ya yi, shi na biyu da na goma ke maimaitawa: a biya kafin alƙalami tukuna, sannan a zo neman shawara, alhali yawancin harajin da zai hau kan gidan ya riga ya tabbata tun ranar da aka zaɓi ƙasa, da sunan da za a rubuta, da hanyar da kuɗin ya bi.

Kuskuren yana da asali. Harajin da mutanen ƙasar Katsina suka fi sani na kai ne da na dabba, wato haraji da jangali, waɗanda ake tarawa ta hannun masu unguwa da dagatai zuwa ga hakimai irin su 'Yandaka a Dutsin-Ma da Maraɗi a Kurfi, har gwamnatin Balarabe Musa ta soke su a 1979 a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta kafin 1987. Gida kuwa abu ne da ake saye a gaban dillali da shaidu da mai unguwa, a rubuta takarda ɗaya a ajiye, kuma ba kowa ke neman amincewar gwamna da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta shardanta ba. Wanda ya tashi a wannan tsari yakan ɗauka cewa da an biya kuɗin gida magana ta ƙare, alhali a ƙasashe da dama hukuma tana da rabo a gida ranar sayensa, da lokacin da yake kawo haya, da ranar sayar da shi, da ranar rasuwar mai shi, ban da abin da Najeriya za ta nema daga ɗanta. Ɗabi'un da ke sauƙaƙa ciniki a gida, wato yarda da baki, da rubuta sunan ɗan'uwa, da aika kuɗi ta hannun ɗan canji, su ne ainihin abin da ke jawo asara a waje.

Abubuwan da za a tanada

Kafin a yi magana da kowane dillali, mai saye yana buƙatar fasfo mai sauran wa'adi, da lambar shaidar biyan haraji ta Najeriya, da takardar da ke nuna ya biya harajin shekarun baya, wadda mazaunin Dutsin-Ma ko Kurfi zai nema daga Hukumar Tara Kuɗin Shiga ta Jihar Katsina. Yana buƙatar asusun kuɗin ƙasashen waje a wani bankin Najeriya da sunansa, da bayanan shige da ficen kuɗi na watanni da yawa, da duk takardar da ke nuna inda dukiyar ta fito, kamar rasit na cinikin hatsi ko shanu, ko yarjejeniyar sayar da fili, ko takardar rabon gado daga kotu. Sai jerin gidajen da ya mallaka, shi da matarsa, a ko'ina suke a duniya, tare da ƙiyasin darajarsu, da lissafin kwanakin da ya yi a ƙasar da zai saya cikin shekarar da ta wuce, wanda tambarin shige da fice a fasfo zai tabbatar. Daga ƙarshe yana buƙatar mutum biyu da shi ne ke biyansu: lauya mai lasisi a ƙasar da gidan yake, da akanta a Najeriya wanda ya san sababbin dokokin haraji. Lauyan da kamfanin gini ya gabatar kyauta, ko mai kirki ne, abincinsa yana hannun kamfanin.

1. Tantance izinin mallaka

Ba ko'ina baƙo ke da ikon mallakar gida ba, kuma lissafin haraji ba shi da amfani a kan abin da doka ba ta yarda a mallaka ba. A Dubai, tun 2002 aka buɗe wa baƙi ƙofar mallaka ta dindindin, amma a unguwannin da hukuma ta ware kawai. Saudiyya, wadda ta fi jan hankalin alhazai, ta amince da sabuwar dokar mallakar baƙi a Yulin 2025, wadda aka tsara ta fara aiki a Janairun 2026, ita ma a yankunan da aka ayyana, Makka da Madina kuma an keɓe su ga Musulmi bisa sharuɗɗa na musamman, saboda haka abin da ake tallatawa a matsayin ɗaki kusa da Harami dole a duba ko mallaka ce ko haya ce mai dogon wa'adi. Kanada ta hana yawancin baƙi sayen gidan zama tun Janairun 2023, ta kuma tsawaita hanin zuwa farkon 2027. Birnin Maraɗi shi ne waje mafi kusa, kuma kusancin ne ke sa a manta cewa Nijar wata ƙasa ce mai nata lampo da nata tsarin rajista, wadda ta fice daga ƙungiyar ECOWAS a Janairun 2025.

Ma'aikacin gwamnati yana da ƙarin sharaɗi. Jadawali na biyar na tsarin mulkin 1999 ya wajabta wa masu riƙe da muƙaman gwamnati, ciki har da ma'aikatan jami'o'i da kwalejojin da gwamnati ta mallaka, su bayyana kadarorinsu ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata lokacin kama aiki, da bayan kowace shekara huɗu, da lokacin barin aiki, kuma ya hana gwamnoni da kwamishinoni da 'yan majalisa riƙe asusun banki a waje. Tun da haya tana buƙatar asusun da za ta shiga, wanda ke cin albashin gwamnati ya nemi fatawar lauya a rubuce kan matsayinsa kafin ya wuce wannan mataki.

2. Zaɓen hanyar da kuɗi zai bi

Hanyar da aka saba ita ce a tura naira asusun ɗan canji a Wapa ta Kano, wakilinsa ya miƙa dirhami a Deira ta Dubai a ranar, ba takarda, ba jinkiri. Ga mai sayen atamfa ko wayoyi wannan ya daɗe yana aiki, amma ga mai sayen gida yana yanke igiyar da ta haɗa dukiyar da mai ita, domin kuɗin da ya isa hannun kamfanin gini ya fito ne daga asusun wani mutum da ba a ambace shi a yarjejeniya ba. Lauyoyin Ingila doka ta tilasta musu su binciki tushen kuɗin mai saye, kuma sukan tsananta ga ɗan Najeriya saboda tarihi: a 2020 cibiyar Carnegie ta Amurka ta wallafa rahoto da ya alaƙanta gidaje kusan 800 a Dubai da 'yan siyasar Najeriya da makusantansu, a Fabrairun 2023 kuma hukumar FATF, mai sa ido kan safarar kuɗin haram a duniya, ta sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da ake lura da su, ba ta cire ta ba sai Oktoban 2025. Ɗan kasuwar da ya tara dukiyarsa da guminsa a cinikin masara da dawa yana biyan kuɗin wannan zargi ko da bai ci nanin ba, kuma takarda ce kaɗai ke wanke shi.

Ɗaukar kuɗi a jaka ma yana da iyaka, domin dokar Najeriya ta hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta wajabta bayyana wa jami'an kwastan duk abin da ya haura dala 10,000, ta kuma hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta banki ba. Hanyar da ta dace ita ce kuɗin ya tashi daga asusun mai saye ya sauka a asusun lauyansa, ko a asusun amana da hukuma ta yi wa rajista idan gidan ba a gama gina shi ba, a kuma ajiye shaidar kowane aike. Amfanin wannan zai sake fitowa a mataki na 6 da na 7, domin rangwamen haraji a gida da ragin haraji ranar sayarwa duk a kan waɗannan takardu suka rataya.

3. Lissafin harajin ranar saye

A Ingila ana biyan harajin kan sarki na filaye, wato kuɗin da mai saye ke ba hukumar haraji ta HMRC cikin kwana 14 da kammala ciniki, kuma ana lissafa shi hawa-hawa. Daga 1 ga Afrilun 2025, fam 125,000 na farko ba a karɓar komai a kansu, daga nan zuwa 250,000 ana karɓar kashi 2 cikin 100, daga nan zuwa 925,000 kashi 5, sai kashi 10 zuwa miliyan 1.5, abin da ya haura kuma kashi 12. Wannan shi ne abin da mazaunin ƙasar mai sayen gidan zamansa ɗaya tak zai biya. A kan haka akwai ƙari biyu: na farko kashi 5 cikin 100 na dukan farashin ga wanda ya riga ya mallaki wani gidan zama, wanda aka fara da kashi 3 a 2016 aka ɗaga shi a ƙarshen Oktoban 2024, na biyu kuma kashi 2 ga wanda bai yi kwana 183 a Birtaniya ba cikin wata 12 kafin sayen, wanda ya fara aiki a Afrilun 2021.

Idan aka ɗauki ɗaki na fam 300,000 a Manchester, asalin harajin fam 5,000 ne, wato 2,500 daga hawa na biyu da 2,500 daga na uku. Ƙarin gida na biyu zai kawo 15,000, ƙarin baƙunta 6,000, jimla fam 26,000, ninki biyar da ɗoriya na abin da maƙwabcinsa mazaunin ƙasar ya biya a kan ɗaki iri ɗaya. Wurin da aka fi tuntuɓe shi ne ma'anar wani gida, domin dokar ba ta tsaya kan gidajen Ingila ba: gidan da mutum ya mallaka a Dutsin-Ma ko Katsina ko Abuja yana cikin lissafi matuƙar darajar rabonsa a ciki ta kai fam 40,000, kuma gidan mata ana ɗaukarsa tamkar na miji. Wanda ya amsa wa lauya cewa ba shi da wani gida, yana nufin ba shi da shi a Ingila, ya ba hukuma bayanin ƙarya ba da saninsa ba, kuma biyan cikon da kuɗin ruwa da tara a wuyansa suke. Kashi 2 na baƙunta ana iya neman a dawo da shi idan mai saye ya cika kwana 183 a ƙasar cikin wa'adin da doka ta tsara bayan sayen, amma wannan bai shafi wanda zai koma Kurfi ya jira haya ba.

Dubai ta fi sauƙi, sai dai maganar da dillalai suka fi so, wato "Alhaji, ai nan babu haraji, ka karɓi hayarka ka sa aljihu," rabinta ne gaskiya. Hukumar Filaye ta Dubai tana karɓar kashi 4 cikin 100 na farashi domin sauya suna, wanda a ƙa'ida ake rabawa tsakanin mai saye da mai sayarwa, a al'ada kuma mai saye ke biya duka. La'adar dillali yawanci kashi 2 ce, a kanta kuma akwai harajin kayayyaki da ayyuka na kashi 5 da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta kawo a 2018. Ɗakin dirhami miliyan ɗaya ke nan zai ci ƙarin dirhami 61,000 kafin a zo kan ƙananan kuɗaɗen rajista, shago ko ofis kuwa harajin kashi 5 zai iya hawa kan farashinsa gaba ɗaya. Gidan da ba a gina ba ana biyan kashi 4 ɗin tun ranar rajistar farko, saboda haka wanda ya yi cinikin biri a sama ya biya haraji a kan abin da bai gani ba. A Saudiyya harajin cinikin kadara kashi 5 ne tun Oktoban 2020. Singafo, domin a ga iyakar abin, tana karɓar ƙarin kashi 60 cikin 100 daga baƙo tun Afrilun 2023.

4. Sunan da za a rubuta

Mutum yakan rubuta sunan ƙaninsa da ke aikin likita a Birmingham, ko na ɗansa mai karatu, domin kauce wa ƙarin baƙunta, kuma a nan abu biyu ne kawai zai iya kasancewa. Idan gidan kyauta ne na gaskiya, to ya zama na ɗan, hayarsa da harajinsa nasa ne, yana iya sayar da shi ba da izinin kowa ba, kuma ranar rabon gado 'yan'uwansa ba su da hujja a kotun Ingila. Idan kuwa amana ce, sunan ɗan ne a takarda amma uban ne mai cin amfani, to dokar haraji uban take duba, ƙarin da aka guje wa yana nan, an kuma ƙara laifin ɓoyewa. Haɗa suna da mazaunin ƙasar ma ba ya tsirarwa, domin idan ɗaya daga cikin masu saye baƙo ne, ƙarin kashi 2 yana hawa kan cinikin duka, sai dai idan ma'aurata ne da ke zaune tare kuma ɗayansu mazauni ne.

Saye da sunan kamfani ya kasance hanyar masu hannu da shuni a da, amma Birtaniya ta toshe yawancin ƙofofinsa. Kamfanin da ya sayi gidan zama sama da fam 500,000 yana iya fuskantar harajin kan sarki na kashi 17 da wani haraji na shekara-shekara, sai in ya nemi rangwamen masu sana'ar haya ya kuma cika sharuɗɗansa. Tun Afrilun 2017 kamfanin waje ba ya kare gidan zama daga harajin gado. Tun Agustan 2022 kuma dole kamfanin waje mai fili a ƙasar ya yi rajistar sunayen masu shi a kundin da kowa ke iya dubawa. A Dubai ma, mutum mai hayar gida da sunansa ba ya cikin harajin kamfanoni na kashi 9 da aka fara a Yunin 2023, amma kamfanin waje mai kadara a can yana ciki. Ga mai gida ɗaya ko biyu, sunansa na fasfo, da rubutu iri ɗaya a kowace takarda, ya fi arha kuma ya fi tsaro.

5. Harajin haya da kuɗaɗen shekara

Hayar da aka rubuta a takardar talla ba ita ke isa hannu ba. A Birtaniya, wakilin da ke karɓar haya a madadin mai gidan da ke zaune a waje dole ya cire kashi 20 cikin 100 ya miƙa wa HMRC, idan babu wakili kuma ɗan hayar da ke biyan sama da fam 100 a mako shi ke da alhakin cirewa, sai dai idan mai gidan ya cike takardar NRL1 aka amince a ba shi hayarsa cikakkiya. Amincewar ba yafiya ba ce, jinkiri ne kawai zuwa lokacin da zai shigar da bayanin shekara, wadda a can take farawa 6 ga Afrilu ta ƙare 5 ga Afrilun gaba, kuma jinkirin kwana ɗaya bayan wa'adi yana jawo tarar fam 100. Ana cire kuɗin gyara da na wakili da na inshora kafin a lissafa haraji, amma rangwamen fam 12,570 da mazauna ke samu ba kowane baƙo ke da haƙƙinsa ba, don haka kada a sa shi a lissafi sai lauya ya tabbatar. Harajin ƙaramar hukuma ɗan haya ke biya, idan gida ya zauna babu kowa kuma ya koma kan mai shi, har tun Afrilun 2025 ƙananan hukumomin Ingila suna da ikon ninka shi a kan gidan da ba mazaunin kowa ba ne.

Amurka tana cire kashi 30 cikin 100 daga hayar baƙo kafin a cire ko sisin gyara, sai in ya zaɓi a lissafa masa a kan ribar da ta rage ya kuma riƙa shigar da bayanin shekara, ga harajin kadara da ƙananan hukumomi ke karɓa kowace shekara ko da haya ko babu. Dubai ba ta karɓar harajin haya daga mutum, amma kuɗin hidimar bene, wanda ake lissafawa bisa faɗin ɗaki domin gadi da shara da lifta, yana kan mai gida kowace shekara, kuma shi ne ke cinye ratar da ke tsakanin ribar talla da ribar gaskiya.

6. Harajin gida

Wannan mataki shi aka fi tsallakewa, domin mutane suna ganin abin da aka samu a waje bai shafi Katsina ba. A 26 ga Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan dokokin haraji huɗu, babbar cikinsu, Dokar Haraji ta Najeriya, ta fara aiki 1 ga Janairun 2026, kuma a ƙarƙashinta mazaunin Najeriya yana biyan haraji a kan abin da ya samu ko daga ina ya fito. Zama mazauni bai tsaya kan kwana 183 ba, ya haɗa da wanda ke da gidan zama na dindindin a ƙasar, ko iyali da harkokin dukiya masu ƙarfi, abin da ya kamata ɗan Kurfi mai aiki a waje wanda iyalinsa ke gida ya lura da shi. Naira 800,000 na farko a shekara ba su da haraji, miliyan 2.2 na gaba kashi 15 ne, miliyan 9 na gaba kashi 18, miliyan 13 na gaba kashi 21, miliyan 25 na gaba kashi 23, abin da ya haura miliyan 50 kuma kashi 25, ana shigar da bayani ga hukumar jihar da mutum ke zaune kafin ƙarshen Maris.

Sai dai dokar ta riƙe wani rangwame da tsohuwar doka ta tanada, cewa haya da ribar hannun jari da makamantansu da aka samu a waje ba su da haraji idan aka shigo da su Najeriya ta hanyar da hukuma ta amince da ita, wato ta banki. Ma'anar wannan a aikace ita ce, hayar da ta sauka a asusun kuɗin waje na mai gida a Katsina tana iya tsira gaba ɗaya, wadda aka karɓa a Deira aka sayo kaya da ita, ko aka juyo ta ta hannun ɗan canji domin ɗan bambancin farashi, ta rasa wannan kariya. Inda haraji ya hau, ana rage abin da aka biya a waje daga abin da Najeriya ke nema a kan wannan kuɗin, kuma yarjejeniyar hana biya sau biyu da Najeriya da Birtaniya suka ƙulla a 1987 ta ba ƙasar da gidan yake haƙƙin karɓa da farko. Da Amurka babu irin wannan yarjejeniya. Ragin ba ya samuwa sai da shaidar biya. Fatan cewa ba za a sani ba kuwa ya raunana, tun da Najeriya ta shiga tsarin musayar bayanan asusun banki tsakanin ƙasashe, ta kuma fitar da ƙa'idojinsa a 2019. Zakka lissafinta daban, haraji ba ya sauke ta, kuma malamai sun bambanta hukuncin gidan da aka saya domin haya da wanda aka saya domin a sayar.

7. Ranar sayarwa

Baƙon da ya sayar da gida a Birtaniya dole ya sanar da HMRC cikin kwana 60 da kammala ciniki, ko da faɗuwa ya yi, harajin ribar kuma kashi 18 ne ko 24 gwargwadon yawan abin da yake samu a ƙasar. Riba a nan ita ce abin da ya rage bayan an cire kuɗin saye, da harajin kan sarki, da kuɗin lauya da dillali, da kuɗin ƙarin gini, don haka fam 26,000 da aka biya a mataki na 3 suna rage haraji bayan shekara goma idan takardarsu tana nan. Amurka tana riƙe kashi 15 cikin 100 na farashin sayarwa gaba ɗaya, ba na riba ba, sai mai shi ya bi sawun rarar daga baya. A Najeriya harajin ribar kadara, wanda ya kasance kashi 10, ya koma cikin hawan harajin mutum daga 2026, yana iya kaiwa kashi 25, kuma rangwamen shigo da kuɗi ta banki haya ya ambata, bai kamata a ɗauka ya rufe ribar sayarwa ba. Akwai kuma matsalar canji: gidan da aka saya dala 100,000 lokacin da dala take naira 460, aka sayar da shi a farashin nan lokacin da take 1,500, bai kawo ribar ko dala ɗaya ba, amma a naira ya tashi daga miliyan 46 zuwa 150, saboda haka a nemi akanta ya rubuta da wane kuɗi za a yi lissafin tun kafin a sa gidan a kasuwa.

8. Rasuwa da gado

Najeriya ba ta karɓar harajin gado a yau, shi ya sa magada ke shan mamaki. Birtaniya tana karɓar kashi 40 cikin 100 na abin da ya haura fam 325,000 daga dukiyar da ke cikin ƙasarta, ko mamacin bai taɓa kwana a can ba, ta yadda gidan fam 500,000 zai iya barin bashin fam 70,000 da ake so a biya kafin ƙarshen wata na shida, galibi kafin kotu ta ba magada ikon sayarwa. Abin da ya tafi ga mata ko miji yawanci ba shi da wannan haraji, amma a rabon Musulunci tumuni ne rabon mata idan akwai 'ya'ya, don haka mafi yawan gidan yana cikin lissafi. Amurka ta fi tsanani, domin dala 60,000 kawai take yafe wa baƙo, harajin kuma yana kaiwa kashi 40. Dubai ba ta da harajin gado, kuma kotunanta suna raba dukiyar Musulmi bisa shari'a, sai dai takardun kotun gida sai an fassara su zuwa Larabci an tantance su kafin a karɓa.

Abin da ya fi harajin nauyi shi ne, gida yana bin dokar ƙasar da yake, ba hukuncin kotun shari'a ta Dutsin-Ma ba. Wanda ya rasu bai bar rubutacciyar wasiyya ba, dokar Ingila za ta ba matarsa fam 322,000 na farko da rabin abin da ya rage, 'ya'ya su raba ɗaya rabin daidai wa daida mace da namiji, iyayen mamaci kuma ba su da komai, alhali kowannensu yana da sudusi a shari'a. Idan kuma an rubuta gidan da sunan mutum biyu a tsarin da wanda ya rayu ke gaje duka, ba ya ma shiga rabo. Maganin shi ne lauyan can ya rubuta takardar wasiyya da ke umartar a raba kadarar bisa ƙa'idar gadon Musulunci, bayan malami ya duba ta, a ware kuɗin da zai biya harajin, a kuma sanar da magada sunan lauyan da inda takardun suke. Dokar wasiyya ta Ingila ta 1837 tana buƙatar shaidu biyu su halarci sa hannun a lokaci ɗaya su ma su sa nasu, kuma a nan al'adar kiran manyan 'ya'ya su shaida tana cutarwa, domin duk wanda ya sa hannu a matsayin shaida, shi ko matarsa, ya rasa rabon da takardar ta ba shi.